An Ɗauko Shi a Inda Bai Mutu Ba

Philile Mkhize ta yi wa gawa ƙarya.

Na kira sunanta har da na ubanta, mai kai mata ya kai mata. Ta tsaya gaban jama'a a zauren taron unguwarmu a Umlazi, cikin baƙar riga mai tsada, hankici a hannu, ta ce wai mawaƙi Falakhe Zungu ya cika ne a ɗakin ɗaukar waƙa a cikin gari, bakinsa a kan makirufo. Rediyo ta ɗauka, jarida ta buga, duk Durban ta haɗiye. Ni kuwa bango ɗaya ne tsakanina da kicin ɗin da ya mutu a ciki, ba ni za a yi wa wannan tatsuniya ba.

Sizakele, maƙwabciyata mai kicin ɗin, na can baya ranar, jingine da ƙofa, don ba wanda ya ba ta kujera. Warin man suya bai gama barin ɗankwalinta ba.

“Maganarsa ta ƙarshe,” in ji Philile, muryarta na rawa daidai inda ya kamata ta yi rawa, “ce mini ya yi, Philile, ki riƙe mini waƙoƙina…”

Zaure ya ɗauki kuka.

Sizakele ba ta yi kuka ba. Leɓenta kawai ya motsa.

“Kin cika sukari,” ta ce a hankali.

Matar da ke kusa da ita ta juyo. “Me kika ce, 'yar'uwa?”

“Ba komai.”

Ta fita tun kafin a sa waƙa ta gaba.

*

Shekara shida ke nan da Falakhe ya fara tsayawa a teburinta a tashar tasi, inda take suyar fanke da kifi. A lokacin babu gidan da ba a jin muryarsa ran Lahadi da yamma, bayan an dawo coci an ci an ƙoshi. Murya ce mai kauri da ɗan dishi-dishi, irin waƙar soul ɗin nan da ke sa mace ta ajiye guga ta zauna bakin gado ba ta san dalili ba. Ita kuwa Sizakele ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Fanke huɗu,” ya ce.

“Bi layi.”

“Kin san ko ni wane ne?”

“Na sani. Kai ne mai sa mata kuka a rediyo. Bi layi, yallaɓai, direbobi sun riga ka.”

Ya bi layi. Washegari ma ya dawo ya bi. Kafin wata uku ya san hanyar gidanta, ya kuma san dokar gidan: takalmi a bakin ƙofa. Duk Asabar a kan gwiwoyinta take goge jan simintin nan har ya yi ƙyalli, ba ta yarda ko fasto ya taka mata shi da takalmi. Shi ma haka yake tuɓe nasa, fari da ruwan ƙasa masu tsinin baki, waɗanda yake hawa dandamali da su, ya jera su a gefe kamar ɗan makaranta.

Uwarsa, MaButhelezi, tana can ƙauye a Mahlabathini. Sau biyu yana tura baffanninsa neman aure, sau biyu tana tare su a bakin garke. Shanun mijinta ba za su fita sadaki ba saboda 'yar ƙabilar Mpondo mai suya a tasha, wadda ta taɓa aure ta fito. Ga Philile nan, mai digiri, 'yar coci, ita ke riƙe masa duk harkokinsa, me yake nema kuma?

“Ki ƙara haƙuri, zuciyata,” yakan ce. “Mama za ta huce.”

“Gwabini,” haka take kiransa, da kirarin gidansu, yadda matar aure ke kiran mijinta, “ni mai nake saukewa daga wuta kullum, na san abin da ke hucewa. Mamarka ba ta ciki.”

Sai ya yi dariya ya kama yatsunta masu tabon ƙuna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

“To ki aure ni haka, ba shanu.”

“A'a. Na taɓa shiga gida ta taga, na san yadda ake fitowa.”

Haka shekara shida ta wuce, shi yana jira, ita tana jira, tsohuwa na can tana jiran su gaji.

Ranar wata Talata, ƙarfe bakwai na safe, ya iso kai tsaye daga wani wasa mai nisa. Ya tuɓe takalmi. Ya zauna kan farar kujerar roba da ke gefen murhu, ya jingina kai da bango.

“Na gaji, Siza.”

“Kullum a gajiye kake.”

“Wannan daban ce. So nake in je gida in kwanta bayan garken babana, in yi barcin sati guda, ba wanda zai ce in ƙara waƙa ɗaya.”

Ta miƙa masa shayi. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

“Kin cika sukari.”

“Sha haka. Mai sayar da baƙin ciki ai yana buƙatar zaƙi.”

Ya yi dariya. Ta juya ta jefa ƙullu a mai.

Babu ihu, babu salati, babu komai. Kofi ne kawai ya faɗi.

Sau uku tana kiran wayar uwarsa, tsohuwa ta san lambar, ba ta ɗauka ba. Sai ta kira Philile, don ita ke da mota. Philile ta zo, ta taɓa wuyansa, ta daɗe hannunta na nan. Sannan ta ɗago ta dubi kicin ɗin, ta dubi kaskon, ta dubi robar ƙullu, ta dubi kujerar roba.

“Ku kama mini shi,” ta ce.

Ni na kama ƙafa ɗaya. Safa ce a ƙafar, baƙa, mai huji a babban yatsa. Na faɗi wannan don kar wani ya ce ji na yi.

Sizakele ta sa ƙafa za ta shiga motar, Philile ta tare ta.

“Ke zauna. Danginsa za su zo asibiti, kar su gan ki a wannan hali.”

Ta zauna. Da azahar ta ji a rediyo inda masoyinta ya mutu.

*

Ba a gayyace ta jana'iza ba, ba ta kuma je ba. Sati biyu da binne shi, motar Philile ta sake tsayawa a ƙofar gidan. Ta shigo da takalminta, ƙwas, ƙwas, a kan jan siminti.

“Takalmansa na zo ɗauka, 'yar'uwa. Za a sa su cikin gilashi a ɗakin waƙa, masoyansa su riƙa zuwa gani.”

“Tuɓe naki tukuna.”

Philile ta yi kamar ba ta ji ba.

“Me ya sa kika ce can ya mutu?”

“Me kike so in ce? Falakhe Zungu ya mutu a kan kujerar roba, kusa da kaskon fanke? Kin san abin da jaridu za su yi da shi? Kin san abin da zai yi wa uwarsa?”

“Uwarsa kike tausayi.”

Da Philile ta sake magana, muryar zauren taron nan ta ɓace, wata ce daban, ƙarama.

“Shekara tara ina ɗaukar masa jaka. Shekara tara ina tsaye bayan labule da ruwan sha. In ya sauko, ruwan yake karɓa, ko fuskata ba ya duba. Ke kin samu mutumin, Sizakele. Ni ki bar mini mutuwar.”

“Takalman ba za su fita ba.”

“Ki jiƙa su ki sha. An riga an gama komai. Baffansa ya zo da reshe har ɗakin waƙa, ya kira shi, sun kai shi gida. Ba ki da sauran abin riƙewa.”

Ta fita. Sizakele ta tsaya nan inda take.

A al'adarmu kowa ya san mutum ba ya bin gawarsa. Inda ya faɗi nan yake zama, sai wani babba na gidansu ya zo da reshen magarya, ya kira shi da sunansa, ya ɗauke shi yana faɗa masa hanya har garken kakanninsa. To an kai reshe ɗakin waƙa. An kira, an kira, an ɗauki iska an tafi da ita Mahlabathini.

Sizakele ta juya a hankali ta dubi farar kujerar.

“Gwabini…” ta ce. “Ashe kana nan.”

Ranar ta fara yin kuka. Amma in gaskiya za a faɗa, ba duka kukan ba ne na baƙin ciki.

Shekara shida tana raba shi da uwa, da Philile, da dandamali, da duk macen da ke da rediyo. Yanzu ga shi a kicin ɗinta, ba wasa, ba tafiya, ba mai kiransa a waya. Ta daina matsar da kujerar in tana shara. Da safe takan haɗa shayi kofi biyu, ta rage sukari a ɗaya. Tana suya tana ba shi labarin tasha, wane direba ya kori matarsa, wane ya sayi sabuwar mota. Ta bango ana jin ta, har dariya take yi.

Sati uku ana haka. Ta rame. Idanunta suka faɗa. A tasha, kowace tasi ta wuce muryarsa ce ke fita ta taga, ita kuwa sai ta ƙona fanke kasko guda tana kallonsa.

Ranar da na kasa haƙuri, na leƙa na ce, “Ke 'yar nan, shayin wa ke sanyi a nan?”

“Ki bar ni, Ma.”

“Ba zan bar ki ba. Kin tambaye shi ko yana son zaman?”

“Bai taɓa son barin gidan nan ba.”

“Me ya ce miki da ya shigo ranar?”

Ta juya mini baya, ta ɗauki kofin da ya huce ta zubar, ta wanke, ta sake wankewa. Can ta zauna a ƙasa gaban kujerar, ta ɗora goshinta a kan hannun robar.

“Ka ce ka gaji,” ta ce. “Shekara ashirin kana tsaye wa mutane, ni kuma na zo na bar ka a zaune kan roba. Ko kwanciya ba ka yi ba, Gwabini. Ni ma na zama irinsu. Ni ma cewa nake ka ƙara waƙa ɗaya.”

Washegari ta naɗe takalman a cikin tawul, ta hau tasin Mahlabathini.

*

Ta sami MaButhelezi zaune kan tabarma a inuwar ɗaki, cikin baƙaƙen kayan makoki, ta zama ƙarama kamar an matse ta. Baffansa Mgidi, ƙanin marigayi ubansa, yana gefe yana gyaran igiya. Sizakele ta durƙusa tun daga nesa.

“Sannu, Mama.”

“Ban haife ki ba. Me kika zo karɓa? Gida ne ko mota?”

“Ba karɓa na zo yi ba. Kawowa na yi.”

“Ba ma cin fanke a gidan makoki.”

Sizakele ta kwance tawul, ta ajiye takalman a kan ƙasa, ta jera su yadda yake jerawa.

Igiya ta faɗi daga hannun Baba Mgidi.

Tsohuwa ta daɗe tana kallo. Da ta buɗe baki, ba da Sizakele take ba.

“Asibiti sun ba ni riga. Sun ba ni wando, da agogo, da safa mai huji. Na ce ina takalmin ɗana? Philile ta ce ɓacewa suka yi a hanya.” Ta ɗago. “A ina kika same su?”

“A bakin ƙofata ya tuɓe su, Mama. Ba a shiga mini da takalmi.”

“Ƙarya kike.”

“Na kira ki sau uku ranar, ƙarfe bakwai da kwata. Ki sa a duba miki wayar.”

Ba a duba ba. Tsohuwa ta san ta ga kiran, ta kuma san abin da ta yi da shi.

Baba Mgidi ya gyara murya. “Matar yaya, ni dama ban faɗa ba ne. Na ɗauko mutum huɗu a rayuwata, reshe yakan yi nauyi a hannu. Wannan tun daga Durban har nan kamar tsinken tsintsiya na riƙo. Na ce ko tsufa ne.”

“To me ya hana ki yin shiru?” in ji tsohuwa, idonta a kan Sizakele. “Abin da kika nema shekara shida ai kin samu. Na hana ki shi da rai, ga shi kin tsare shi a mace. Me ya kawo ki?”

“Na yi shirun, Mama. Sati uku na yi.” Ta dubi takalman. “Ya ce so yake ya kwanta bayan garken babansa. Ni ba ni da garke.”

Wata akuya ta zo tana shinshinar takalmin, tsohuwa ta kore ta da kanta.

*

Ranar Asabar da hantsi suka iso Umlazi cikin motar haya. Baba Mgidi ne a gaba da ɗanyen reshe a hannu, bakinsa a rufe, don mai ɗauke da reshe ba ya magana da masu rai. A bakin ƙofa MaButhelezi ta dubi jan simintin, ta dubi ƙafarta. Ta sunkuya da ƙyar ta tuɓe takalmi. Baba Mgidi ma ya tuɓe.

Ya durƙusa gaban farar kujerar, ya ɗora reshen a kanta.

“Falakhe, ɗan yayana. Gwabini. Ni ne, Mgidi. Mun yi kuskure, mun je nemanka inda ba ka nan, ka yafe mana. Tashi mu tafi gida, babanka na jira.”

Ya ɗaga reshen, ya riƙe, ya ɗan jijjiga kai. Ya mayar. Ya sake kira da duk kirarin gidansu. Ya sake ɗagawa, ya dubi matar yayansa, ya girgiza kai.

Tsohuwa ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Shekara shida ina kiran yaron nan ya fito daga gidan nan, bai fito ba. Yau ne zai ji maganarmu?” Ta juya. “Ke. Sallame shi.”

Sizakele ta zo ta durƙusa.

“Gwabini,” ta ce, “zuciyata… tashi ka bi Baba. Na riƙe ka, ban kyauta ba. Je ka kwanta. Ba wanda zai tashe ka.” Ta shafa hannun kujerar. “Sukarin nan kuma da gangan nake cikawa. Ina son jin ka kana mita.”

Baba Mgidi ya ɗaga reshen. Wannan karon hannu biyu ya sa.

“Ga ƙofa nan, ɗana, mun fita. Ga matakala biyu, yi a hankali. Ga mota, kujerarka ce ta tsakiya. Za mu ƙetare kogin uMngeni, za mu ƙetare kogin uThukela, duk zan faɗa maka.”

Sizakele ta tsaya a bakin ƙofa, hannayenta a sake. Direba ya tada mota. Sai tagar baya ta sauka.

“Kina tsaye kina kallon me?” in ji tsohuwa. “Wa zai riƙe masa takalmi in ya sauka? Da safa zai shiga gaban kakanninsa? Shigo, makoti.”

Makoti. Sunan da ake kiran matar ɗa da shi. Shekara shida da shanun sadaki goma sha ɗaya ba su iya fitar da kalmar nan daga bakinta ba, sai da ba sauran wanda za a aura.

Sizakele ta shiga, ta zauna gefen kujerar da ba kowa a kai.

Kwana uku ta yi a can. Da ta dawo ta wanke farar kujerar, ta kife ta kan 'yan'uwanta a bayan gida. Yanzu kofi ɗaya take haɗawa. Ba ta dariya ta bango, amma tana barci, ta kuma daina ƙona fanke. Ran Lahadi da yamma takan kashe rediyo ta zauna a bakin ƙofa. Ƙarshen kowane wata tsohuwa kan aiko mata da nono a gora, ba wasiƙa, ba gaisuwa, nono kawai.

To wannan nasu ne, sun gama.

Nawa ne bai ƙare ba. Har gobe akwai allon ƙarfe a bangon ɗakin waƙar nan da ke cewa a nan Falakhe Zungu ya cika. Yara mata na zuwa suna ajiye furanni a gaban bangon da bai san komai ba. Philile na shirya babban wasan tunawa da shi, za ta sake sa baƙar rigar nan, ta sake girgiza murya. Sizakele ta ce in bar ta, ta gaji. Ita ta gaji, ni ban gaji ba. Ni aka sa na kama ƙafar gawa ina tsammanin ceto muke yi.

Mace ta bar mamaci sati biyar a zaune, ta sa dattijo ya ƙetare koguna yana magana da iska, ta sa uwa ta binne rabin ɗanta. Philile Mkhize, kin san gidan, kin san ƙofar. Ki zo ki tuɓe takalminki, ki tsaya a kicin ɗin nan, ki faɗa wa mutane da bakinki inda ya mutu, da hannun wadda ta ba shi shayinsa na ƙarshe.